Buɗe Wurin Gashi na Kanka: Majinyacin Zai Iya Dawowa?

Yau maganarmu a kan wata sana'ar lafiya ce, sana'ar gashi. A asibiti za ku ji ana cewa fisiyo. Shi ne sashen da ake tura mutum bayan an cire masa filastar karaya, ko bayan ɓarin jikinsa ya shanye, ko idan ciwon baya ya hana shi sakat. Aikin ma'aikacin wannan sashe shi ne dawo wa jiki da motsinsa. To idan wanda ya karanci wannan aiki ya ce zai buɗe wurinsa na kansa, me ya kamata ya sa a gaba? Ina magana da ɗalibai da waɗanda suka kammala. Ina magana da iyayen da za a zo wa da maganar jari. Ina kuma magana da masu jinya, domin ku ne za ku shiga irin waɗannan wurare ku biya kuɗinku. Amsata ɗaya ce, kuma za ku ji ina ta maimaita ta. Duk shawarar da mai buɗe wurin gashi zai yanke, ya auna ta da wannan tambaya: majinyacin nan zai iya dawowa? Zai iya dawowa jibi, ya dawo mako mai zuwa, har a gama aikin da aka fara?

Bari mu fara da dalilin da ya sa na zaɓi wannan tambaya. Mai zazzaɓin cizon sauro yakan sha magani na kwana uku ya miƙe. Mai ƙaba, aiki ɗaya za a yi masa, ya yi jinya, shi ke nan. Gashi ba haka yake ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ƙwaƙwalwarsa ce za ta sake koyon yadda ake ɗaga hannu da yadda ake taka ƙasa. Koyo kuwa sai da maimaici. Masana sun tabbatar cewa mafi yawan sauƙin da irin wannan majinyaci ke samu yana zuwa ne cikin wata uku zuwa shida na farko. To mu yi lissafi tare. A ce ana ganinsa sau uku a mako, har wata uku. Zuwa 36 ke nan. Yanzu ku kawo hoton zuwa ɗaya kawai a ranku. Dattijo ne mai jiki, hawan jini ya kayar da shi. Sai 'ya'yansa biyu sun ciccibe shi daga ɗaki zuwa zaure. A tsayar da a-daidaita-sahu, a yi shatarsa, domin ba za a haɗa shi da fasinja ba. Ɗaya ya shiga ya jawo shi ta kafaɗa, ɗaya ya ɗaga ƙafar da ba ta motsi ya sa ta ciki. Hannun da ya shanye yana reto, sai an riƙe shi kada ya bugi ƙarfe. A keta gari cikin rana da cunkoso. A isa, a tarar da layi. Duk wanda ya rako shi ya rasa aikin wannan yini. Wannan zuwa ɗaya ne, jama'a. Saura 35. Shi ya sa iyalai da yawa ke farawa da himma, bayan mako biyu ko uku su daina. Ba rashin ƙaunar mahaifinsu ba ne. Hanyar ce ta fi ƙarfinsu.

Masu buƙatar wannan aiki kuwa ba su ƙirguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum biliyan 2.4 ne a duniya ke ɗauke da lalurar da irin wannan kulawa za ta amfana. Kusan mutum ɗaya cikin uku ke nan. Ta kuma ce a ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi, fiye da rabin masu buƙata ba sa samu. A Najeriya sana'ar ta shigo ne a 1945, ta asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kanta a 1966. A Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri sun daɗe suna yaye ɗalibai. Amma har yau, ina ake samun ƙwararrun? Galibi a manyan asibitocin birni, irin su asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Majinyatan kuwa suna ko'ina. Akwai waɗanda shan inna ya bari da nakasa, duk da cewa tun 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Akwai yaran da shawara ta taɓa musu ƙwaƙwalwa suna jarirai, da waɗanda suka sha wuyar haihuwa. Akwai waɗanda aka yi wa allura a ɗuwawu ta taɓa jijiya, ƙafa ta saki. Akwai masu haɗarin babur. Akwai matan da doguwar naƙuda ta bari suna jan ƙafa. Saboda haka matashin da ya ce zai buɗe wuri bai yi kuskure ba idan ya ce akwai buƙata. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar buƙata a matsayin ciniki. Buƙata daban, iya zuwa daban. Wurin da zai rayu shi ne wanda ya rage tazarar da ke tsakanin biyun.

Yanzu mu shiga kashi na biyu, maganar takardu da ƙwarewa. Takardun ba zan daɗe a kansu ba, domin a fili suke. Akwai hukumar tarayya da ake kira MRTB, wadda doka mai lamba 38 ta 1988 ta kafa. Ita ke yi wa masu aikin gashi rajista, da masu koya wa majinyaci komawa ayyukansa na yau da kullum, da masu gyaran magana da ji, da masu haɗa ƙafar roba. Sai da rajistarta mutum zai taɓa majinyaci, kuma lasisin kowace shekara ake sabunta shi. Sunan wurin kuma a yi masa rajista a hukumar CAC mai kula da kamfanoni. Sannan jiha tana da nata iko a kan asibitoci masu zaman kansu. A Kano akwai hukumar PHIMA, a wasu jihohin kuma ma'aikatar lafiya ce ke dubawa. Ka je da ƙafarka ka tambayi sharuɗɗan kowace, tun kafin ka biya kuɗin haya. Wurin da aka garƙame wa kwaɗo a tsakiyar jinyar mutane, wa zai dawo masa? Ku kuma masu jinya, kuna da haƙƙin ku ce a nuna muku lasisi. Wanda yake da shi ba zai ji haushi ba.

Maganar ƙwarewa ita ce ta fi nauyi, kuma a nan ne zan ji ƙorafi na farko. Wani matashi zai ce: Malam, na yi shekara biyar a jami'a, na yi shekarar sanin makamar aiki, na yi hidimar ƙasa. Aikin gwamnati bai samu ba. In zauna ke nan? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba na raina ta. Zaman banza yana kashe abin da aka koya. Amma ɗan'uwa, ka dubi bambancin da ke tsakanin babban asibiti da ɗakinka. A babban asibiti, kafin majinyaci ya iso gare ka likita ya gan shi, an yi masa hoto, an auna jininsa. Idan ka rikice, akwai na gaba da kai a ɗaki na kusa. A wurinka kuwa kai ne farkon wanda zai gan shi. Mutum zai shigo ya ce bayansa ke ciwo. Mafi yawan lokaci ciwon baya ne na yau da kullum, kuma motsa jiki da bayani za su wadatar. Amma wani lokaci tarin fuka ne ya ci ƙashin baya, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Wani lokaci ciwon daji ne ya bazu. Idan mai ciwon baya yana ramewa, yana zazzaɓi da gumin dare, wannan ba na gashi ba ne tukuna. Idan ya ce fitsari ya fara ƙwace masa ko ya ƙi fita, kuma tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya ji, wannan na gaggawa ne, a ranar za a kai shi babban asibiti. Matashi mai sikila da ke ɗingishi yana kukan ƙugu, watakila kan ƙashin cinyarsa ne ke lalacewa saboda jini ba ya isa. Ƙafar majinyacin da ya daɗe a kwance, idan ta kumbura ta yi zafi, ba a matsa ta, domin yana iya zama gudan jini ne da zai iya tafiya huhu. An koyar da duk wannan a aji. Gane shi a jikin mutum, cikin minti goma, kai kaɗai, sai wanda ya ga majinyata da yawa a ƙarƙashin wani. Saboda haka shawarata ita ce a yi 'yan shekaru ana aiki da na gaba, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Idan kuma dole ta sa aka buɗe da wuri, to a samu babba a sana'ar wanda za a riƙa kai wa matsala, kuma a san asibitin da za a tura wanda ya fi ƙarfin wurin. Sanin wanda ba naka ba ne yana cikin ƙwarewa.

Kashi na uku shi ne wurin kansa. Mutane da yawa suna fara neman shago a kan babban titi, kusa da babban asibiti, inda allon suna zai fito sosai. Ku tuna tambayarmu. Majinyacin zai iya dawowa? Idan ka buɗe a gefen asibitin koyarwa, ba ka rage wa dattijon nan ko taku ɗaya ba. Hanyar da ta gagare shi tana nan yadda take. Ka kuma ɗora wa kanka haya mai tsada, wadda a ƙarshe shi zai biya. Abin da wurin gashi mai zaman kansa zai iya bayarwa, wanda babban asibiti ba zai iya ba, shi ne kusanci. Unguwa mai cike da jama'a, ko babban garin ƙaramar hukuma da ba shi da ma'aikacin gashi ko ɗaya, ya fi titin da ake rububi. Sai kuma ginin. Ya kasance a ƙasa, ba hawa bene. Ƙofa ta isa keken guragu ya shige ba tare da an karkata shi ba. Idan akwai dakali a bakin ƙofa, a yi masa gangara. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga ta yadda kowa zai iya shiga. Wurin gashi ne ya kamata ya riga kowa cika ta. A kuma duba banɗaki. Wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa ba zai iya amfani da masai na tsugune ba. Yana buƙatar na zama, da ƙarfen kamawa a bango. Dattijuwar da ta ji kunya sau ɗaya a banɗakinka ba za ta faɗa maka ba. Kawai ba za ka sake ganinta ba.

Tunda na ambaci kunya, bari in tsaya a kanta kaɗan. Wannan aiki ne na taɓa jiki. Sai an buɗe kafaɗa, an riƙe cinya, an dafa ƙugu. A al'adarmu da addininmu, mata da yawa ba za su yarda namiji ya yi musu haka ba, kuma mazajensu ba za su yarda ba. Wasu mazan ma ba sa sakewa a hannun mace. Wurin da ba shi da ma'aikaciya mace ya rufe ƙofarsa ga rabin unguwa. Idan ba ka da ƙarfin ɗaukar ma'aikaciya ta dindindin, ku yi yarjejeniya da wata ƙwararriya mai lasisi, ta riƙa zuwa wasu ranaku da aka sani. A sa labule na gaske, ba wanda iska ke ɗagawa ba. A bar ɗan'uwa ko 'yar'uwa su zauna a ciki lokacin aiki. Ke kuma 'yar'uwa da kika karanci wannan fanni, ki sani akwai mata cikin gidaje da ke jiran irinki, masu ciwon baya bayan haihuwa da iyayen yaran da ba su zauna ba, ba su rarrafa ba. Zuwa gida ma hanya ce. Ga wanda bai fara tashi ba, ya fi sauƙi ma'aikaci ɗaya ya je da jakarsa a kan mutum uku su ɗauko majinyaci. A gida ne kuma za ka ga katifar da yake kwana a kai, da tudun ƙofar da zai tsallake.

Mun zo kashi na huɗu, maganar na'urori. A nan ne jari ke yawan nutsewa. Mai buɗe wuri yakan ji cewa sai ya cika ɗaki da injuna kafin a ɗauke shi da daraja: fitilar gashi mai ja, na'urar da ke tsikarar jijiya da lantarki, wadda ke aika sauti cikin tsoka, gadon jan baya. Kuma yana da hujja. Zai ce mutanenmu idan ba su ga an jona musu wani abu ba, sai su ce ba a yi musu komai ba. Gaskiya ne ana faɗar haka. Amma mu dubi abin da bincike ya nuna. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon baya da ya daɗe. Ta ba da shawarar a ilimantar da majinyaci, a tsara masa motsa jiki, a yi wasu ayyukan hannu irin su tausa. Ta kuma ce kada a mayar da jan baya da inji abin yi na kullum, haka na'urar sauti, da ta lantarki, da ɗamarar ƙugu. Ga mai shanyewar ɓarin jiki ma, abin da ke dawo da tafiya shi ne tashi da zama sau da yawa, da tsayuwa, da taku, da miƙa hannu a ɗauki kofi. Ban ce na'ura ba ta da wuri ba. Ɗumi yana sassauta tsoka, yana rage raɗaɗi na ɗan lokaci. Sai dai yana da haɗarinsa, domin mai ciwon suga ko wanda fatarsa ba ta ji zai iya ƙonewa a ƙarƙashin fitila bai sani ba. Abin da nake cewa shi ne a fara da kayan da aikin ke tsaye a kansu: gado mai ƙarfi, tabarmar roba, ƙarafa biyu na koyon tafiya, madubi babba, robobin ja, ƙananan nauyi, na'urar awon hawan jini. Yawancinsu ba sa buƙatar wuta. Wasu ma mai walda da kafinta na unguwa za su haɗa maka. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kowa ya san abin da janareta ke ci. Kowace na'ura da ka saya da bashi, da man da za ta sha, a kan kuɗin majinyaci za su hau. Kuɗin ya hau, zuwa ya ragu. Shi kuma wanda ya ce ba a yi masa komai ba, amsarsa tana cikin awo. Ka nuna masa cewa ranar farko da ƙyar ya tashi daga kujera sau biyu, yau ya tashi sau takwas. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai tambayi fitila ba.

Kashi na biyar, farashi. Ga ƙorafi mafi yawa: mutane ba su da kuɗi, wa zai biya? Ba za a musa talauci ba. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Amma ku lura, iyalin nan suna kashe kuɗi tun yanzu. Suna biyan shatar mota. Suna sayen man shafawa da ƙwayoyin ciwon jiki a kemis. Suna zagaya masu magani. Tambayar ita ce ko za ka iya ba su abin da ya fi amfani a kan abin da ba zai karya su ba. Kuma sai ka san naka lissafin. Ka haɗa haya, da wuta, da albashi, da kuɗin lasisi, da abin da kai za ka ci a wata. Sannan ka ƙirga mutum nawa za ka iya gani da gaske. Idan kowane zama yana cin kusan awa ɗaya, mutum takwas ne a yini. Kada ka yi lissafi da takwas ɗin nan. A watannin farko, rabinsu ma sai an yi sa'a. Shi ya sa ake so a ajiye kuɗin gudanar da wuri na wasu watanni kafin a buɗe, maimakon a zuba komai a fenti da allo. Daga nan sai tsarin biya. Ka faɗa wa iyali gaskiya tun ranar farko, cewa aikin zai ɗauki kimanin kaza, kuɗinsa kaza. Ka yi rangwame ga wanda ya biya na wata. Ka haɗa masu lalura iri ɗaya su yi atisaye tare, kowa ya biya kaɗan. Mafi muhimmanci, ka koyar da mai jinya. Nuna wa ɗiyar dattijon yadda za ta juya shi duk bayan awa biyu kada ya yi gyambon kwanciya. Nuna mata yadda za ta tallafi hannun da ya shanye, kada a riƙa jan sa a lalata kafaɗa. Ka sa ta yi a gabanka, ka gyara mata. Idan aka yi haka, zuwa ɗaya a mako da aiki kullum a gida yana iya fin zuwa uku da za a watsar bayan mako biyu. Wani zai ce ai ka rage wa kanka ciniki. A'a. Wanda zai iya jure zuwa ɗaya a mako zai kai ƙarshen jinya, kuma maƙwabtansa za su ga ya tashi. Kada kuma a manta da inshorar lafiya. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta ta a kan kowa, jihohi ma suna da tsare-tsarensu na taimakekeniya. Biyansu kan yi jinkiri, don haka ba a jingina da su kaɗai. Amma ya kamata ka nemi sanin yadda wurinka zai shiga.

Ta ina majinyatan za su zo? Wannan shi ne kashi na shida. Galibi daga hannun wasu ma'aikatan lafiya, likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi. Ka je ka gabatar da kanka. Idan likita ya turo maka mutum, ka mayar masa da 'yar takarda: ga abin da na gani, ga abin da muka yi, ga inda aka kai. Wannan takarda ta fi kowace talla. Abin da zan ja kunne a kai shi ne la'ada, wato a ce duk wanda ka turo mini kana da kaso. Ranar da aka fara haka, an daina turo mutum don yana buƙata, an koma turo shi don yana da kuɗi, kuma daga aljihunsa la'adar ke fita. Haka alƙawarin warkewa a rediyo ko a Facebook. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu tun haihuwa zai iya samun ci gaba mai yawa, amma ba wanda zai ce maka zai koma kamar ba a yi ba. Ka yi wa uwarsa alƙawarin ƙarya, za ta zo wata biyu, ta yanke ƙauna, ta daina, alhali yaron yana buƙatar shekaru. Sai batun masu ɗori da masu tausa na gargajiya. Suna kusa da jama'a, suna da sauƙin kuɗi, an kuma yarda da su tun kaka da kakanni. Zaginsu a gaban majinyaci ba ya haifar da komai, sai dai ya ɓoye maka cewa ya je. Ka tambaye shi cikin girmamawa, domin kana buƙatar sanin abin da aka yi wa gaɓar. Amma ka faɗi haɗari a fili. Ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, suka daina ji, yana iya kai wa ga yanke hannu. Wannan na asibiti ne a take.

Saura ƙorafi mafi kaifi, kuma shi ne kashi na ƙarshe. Mai sauraro zai iya cewa: Malam, tun ɗazu kana cewa majinyaci ya dawo, ya dawo. Ashe ba ƙofar cuta ka buɗe ba? Wanda abincinsa ke zuwa daga kowane zama, me zai sa ya sallami mutum? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma haɗarin yana nan a duk inda ake biyan kuɗi a kan kowane zuwa. Maganinsa shi ne a sa wa jinya iyaka tun daga farko, a rubuce. Ranar farko a tambayi majinyaci me yake so ya koma yi. Wani zai ce yana so ya riƙe buta ya yi alwala da kansa. Wani yana so ya kai goshinsa ƙasa a sujada. Wata tana so ta goya jikanta, wani yana so ya taka zuwa masallacin unguwa. A rubuta wannan a fayil, da awon da aka yi, da ranar da za a sake aunawa. Idan an kai ga buri, a sallame shi da atisayen da zai ci gaba da yi a gida. Idan an yi makonni ba canji, a faɗa wa iyali, a sake duba lamarin ko a tura shi gaba. Fayil ɗin nan sirri ne, a kulle shi, kuma ba a ɗaukar hoton majinyaci a watsa a waya ba da yardarsa ba. Ku masu jinya, ga abin da za ku tambaya a duk wurin da kuka shiga: me muke nema mu cim ma, yaushe za a sake aunawa, me za mu riƙa yi a gida? Wurin da ya kasa amsa waɗannan uku, ku yi tunani kafin ku biya na wata.

Akwai kuma masu cewa wuraren kuɗi suna janye ma'aikata daga asibitin gwamnati, inda talaka ke zuwa. Wani ɓangare na wannan gaskiya ne. Ma'aikacin da ke karɓar albashin gwamnati, amma yana karkatar da majinyatan asibiti zuwa shagonsa, ko yana barin aiki da hantsi, ya ci amana, kuma akwai ƙa'idojin aikin gwamnati da suka shafi haka. Amma ɗaliban da ake yayewa kowace shekara sun fi guraben da gwamnati ke buɗewa. Da yawa daga cikinsu, idan ba su sami abin yi a gida ba, ƙasar waje suke nufa, Ingila ko Kanada ko ƙasashen Larabawa. Wanda ya tsaya ya buɗe wuri a garin da ba kowa, bai ƙwace wa asibitin gwamnati komai ba. Ya rage masa layi ne. Nauyin da ke kan gwamnati na ɗaukar ma'aikatan gashi a manyan asibitocin ƙananan hukumomi yana nan, domin akwai waɗanda ko rangwamen ba za su iya biya ba, kuma wurin kuɗi ba zai iya ɗaukar su duka ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.